Ra'ayinmu: Karen Farauta Ya Rasa Daji

Duk wanda aka haifa a ƙasar Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, in dai ya yi wayo kafin zamani ya rikice, ba ya bukatar a kwatanta masa safiyar ranar farauta. Da an kawar da amfanin gona, dawa ta shiga rumbu, hunturu ya fara busawa, sai a ji shela cewa ran kaza za a fita dajin kaza. Tun da jijjifi ƙaho zai tashi gari. Samari su fito da gora da barandami, 'yan tauri suna kirari, makaɗa na biye da su, yara kuwa suna can baya, ana korarsu suna dawowa. Amma fa duk wannan taro, in aka cire karnuka, ya zama yawon shan iska. Kare ne ke shinshino zomo a gindin sabara, shi ke tayar da shi, shi ke bin sa kwana-kwana har ya cim masa. Mutum nasa ihu ne da jifa da gora. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, ko da yake in za a yi adalci, yawancin gudun na kare ne.

Muna so masu karatu su lura da bambancin da ke tsakanin maharbi da mai zuwa farautar rani. Maharbi sana'arsa ke nan, ya gaje ta, yana shiga daji shi kaɗai ko su biyu, ya kwana ya wuni yana bin sawu, da abin da ya kaso yake ci da iyalinsa. Farautar rani kuwa ta kowa da kowa ce: manomi da maƙeri da ɗan tireda duk suna ciki. Mutum zai wuni yana keta ƙaya ya komo da zomo ɗaya, ko gafiya, ko ma hannu rabbana, amma ka gan shi yana ta fara'a, don ba nama ya fitar da shi ba. Abin da ya je nema shi ne motsa jini, da gamuwa da samarin wasu ƙauyuka, da kuma a ce karensa ya riga na wane. A bakin kasuwa za a yi mako guda ana musu a kan wannan. Watau dai kafin makarantun boko su kawo mana ƙwallon ƙafa, farauta da karnuka tana cikin manyan wasannin ƙasar nan, sahu ɗaya da dambe da kokawa. Ba mu ce ba ta da aibi ba. An sha yin kare jini biri jini a kan wa ke da zomo, mai karen da ya tayar ko mai karen da ya kama, an kuma sha cinna wa daji wuta don a koro ɓera guda. Amma wasa ce mai shugabanni, mai ƙa'ida, wadda Sarkin Dawa ke iya tsawatawa a ji.

Ƙasar ma kamar don haka aka yi ta. Ga duwatsun Kwatarkwashi a kan hanyar Funtuwa, inda tsofaffi har yanzu ke ba da labarin bikin kamun maiki da ake yi a dā, samari suna hawan dutse don su nuna bajinta. Ga tsaunukan da suka kewaye Tsafe, da tsohuwar 'Yandoto wadda ta yi suna wajen ilmi tun kafin jihadi. Ga fadamun Gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau ya wuce ta Bungudu, inda zabi da fakara ke sauka shan ruwa. Yaron da ya bi karensa cikin waɗannan wurare ya san sunan kowace itaciya da kowane ƙorama, abin da ba a koya mana a aji ba.

To, yau ina wannan duka?

Namun dajin ne suka fara janyewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye saura, masu itace da gawayi suka bi abin da ya rage, barewa da gada suka zama sai a tatsuniya. Dokoki kam an yi su: akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, an kuma keɓe dajin Kuyambana a kudancin Zamfara don namun daji su sami mafaka. Sai dai doka a takarda ba ta haifar da barewa. Daga baya kuma sai babbar musiba ta zo, wadda ta sa aka manta da ta farko. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan da ake farauta a cikinsu, har ta kai a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin jihar, an kuma dakatar da kasuwannin mako. Mu ɗalibai ba labari aka ba mu ba: a daren 22 ga Satumba, 2023 aka shiga Sabon Gida, a ƙasar Bungudu, aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu. Inda mutum bai tsira a kan shimfiɗarsa ba, wane uba ne zai bar ɗansa ya bi kare cikin daji? Mu ma ba za mu ce ya bari ba. Duk wanda ya karanta wannan sharhi ya ɗauka muna kiran samari su koma farauta a dajin Tsafe, to bai fahimce mu ba.

Akwai wani abu kuma da ya faru nesa da nan, amma ya taɓa kowane mai kare da gora a Arewa. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta da ke komawa gida Kano don yin Sallah, aka ga bindigogin gargajiya a wurinsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe goma sha shida. Ba 'yan Zamfara ba ne, amma darasin namu ne. Mafarauci ya wayi gari ba shi da wata shaida da za ta raba shi da ɗan ta'adda a idon wanda bai san shi ba. A gida kuma, tun da shi ya san daji, shi ake nema a aikin sa-kai, kuma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairu na 2024 ba abin mamaki ba ne a ga masu irin wannan sani cikinsu. Ba mu raina wannan aiki ba, muna yi wa masu yin sa addu'a. Abin da ke damunmu shi ne ƙanensu da ke tasowa, wanda bai taɓa sanin daji wurin wasa ne ba, ya san shi ne kawai wurin da ake kashewa ko a kashe ka.

Shi kuwa karen, wa ya tambayi halin da yake ciki? Dabbar da aka yi don gudu ta koma kwanciya a bola. Mai shi ba ya ganin amfaninsa balle ya ciyar da shi, sai a sake shi ya nemi na kansa a bayan mahauta da bakin kwata, kaska ta cika masa kunne, yara na jifa, shi kuma yana cizo. A nan ne maganar ta wuce ta wasa ta zama ta rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne wanda in alamunsa suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurarsa a Faransa ya rayu, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Amma wa zai kama karen bola ya kai shi asibitin dabbobi? Kare mai ubangiji ake yi wa allura, kuma mutum ba ya zama ubangijin abin da ba ya alfahari da shi.

A nan tilas mu juyo kanmu, mu 'yan boko, ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Mun ɗauki shekaru muna kallon mai karen farauta a matsayin ɗan tasha, ko ɗan daba, ko dai wanda ilmi bai ratsa ba. In muka gan shi tafe da karnuka uku a igiya sai mu tsallaka titi. Amma da zarar ɗayanmu ya sami ƙarin girma a ofis ya kama gida mai get, sai ka ji ya sayo karen Turawa da kuɗin da ya fi albashin masinja, ya ɗaure shi da sarƙa a bayan gida, rana ta dake shi, ba fita ba motsi, sai haushi dare da rana har ya zama abin tsoro ga 'ya'yan mai gidan kansu. Wannan muke kira wayewa. Mutumin ƙauye da ke raba tuwonsa da karensa, ya cire masa ƙaya a dagi, ya san muryarsa cikin karnuka hamsin, shi ne kuma bagidaje. A ganinmu, in ana maganar sanin haƙƙin dabba, mu ne ɗaliban, shi ne malamin.

Wani zai ce addini ne ya hana mu. Ba mu ne malamai ba, kuma muna roƙon malamanmu su gyara mana in mun karkace, amma abin da muka karanta a makarantar allo da ta zaure bai ce haka ba. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, in an ambaci sunan Allah. Hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare shi ne kuma ya togace karen farauta da na kiwo da na gadin gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umurni ne. Kowa kuma ya san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Abin da shari'a ta ƙi shi ne ajiye kare don banza, da shigar da shi ɗaki, da barinsa ya cuci maƙwabci. In haka ne, karen da ke sarƙa don ado ya fi kusa da abin da aka hana bisa ga wanda ake horarwa.

Ba mu ne farkon waɗanda farauta ta kuɓuce wa ba. A Ingila majalisa ta yi doka a 2004 ta hana farautar yanyawa da karnuka, amma masu karnukan ba su watse ba. Ana jan tsumma mai ƙamshi a ƙasa ta cikin gonaki, karnuka su bi sawunsa, mahaya na biye. A Amurka, tun farkon shekarun 1970, masu karnukan gudu suka ƙago wasan da ake ɗaura farar leda a doguwar igiya, inji na janta tana kwana kamar zomo, alƙalai na duban wane kare ya fi sauri da iya juyi. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, cikin karnukan da ke wannan tsere har da na maƙwabtanmu Buzaye, dogon karen nan siriri na ƙasar Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda aka fara kai wa Turai a shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta sa shi cikin littafinta a 2019. Can ana rubuta asalinsa kaka da kakanni. Nan kuwa ɗan'uwansa na ƙasar Hausa, mai jure rana da yunwa da ƙishirwa, ko suna ba mu ba irinsa ba, sai dai "karen gida".

Saboda haka ga shawararmu, kuma ba mai tsada ba ce. Tun da daji ya rufe, a kawo gudun cikin gari. A nemi fili ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, cikin gari sosai inda jama'a ke kai da kawowa, ko da filin ƙwallon wata makaranta ne ranar da ba karatu. (Ba mu ce filin Idi ba, kada a ja mana magana.) Ba a bukatar injin Amurka. A kifa keke, a cire tayar baya, a naɗa igiya mai tsawon yadi 300 a jikin wilin, a ɗaura fatar zomo a bakinta, yaro ɗaya ya riƙa juya feda da hannu. Duk mai gyaran keke a Sabon Gari zai haɗa wannan kafin azahar. A saki karnuka biyu-biyu, wanda ya riga ya wuce gaba. Bayan tsere sai bin sawu: a ja fata a ƙasa tun da sassafe, a ɓoye ta, a ga karen da zai tono ta. Sa'an nan gwajin biyayya, wanda a wurinmu ya fi sauran daraja, watau karen da ubangijinsa zai kira ya bar abin da yake bi ya dawo, a ce ya kwanta ya kwanta, a ajiye nama gabansa ya ƙi taɓawa sai an ba shi izini. Wannan shi ne horon da littattafan fiƙihu ke nufi in suna maganar karen da aka koyar, kuma tsofaffin mafarauta sun fi kowa iya shi. Su za su zama alƙalai, mu kuwa mu riƙe takarda da fensir. A yi abin da hantsi ko bayan la'asar, don kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma gudu cikin tsakar ranar bazara na iya kashe shi. A tanadi ruwa a bakin fili.

Sharaɗin shiga guda ne, kuma shi ne ƙashin bayan shawarar duka: ba karen da zai taka filin sai da katin allurar hauka na shekarar. A gayyaci ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma su kafa tebur a bakin ƙofa, wanda bai yi ba a yi masa nan take, daga ɗan kwikwiyo mai wata uku zuwa sama, a rubuta sunan mai shi da unguwarsu da kamannin karen. Mutumin da ba zai taɓa zuwa asibitin dabbobi don wa'azin jami'in lafiya ba, zai zo da gudu in ya ji karen wane zai yi tsere ba nasa. Ta haka za a sami allura, a kuma sami rajista, rajistar da in Sarkin Dawa da hakimi suka sa mata hannu za ta iya zama shaidar da mafarauci zai nuna in tafiya ta kama shi. A wannan tebur ɗin ne kuma za a riƙa gaya wa iyaye abin da kaɗan ne suka sani, cewa in kare ya ciji yaro a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko jiran a ga abin da hali zai yi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ana kashe mutane, ana biyan kuɗin fansa, ku kuna zancen tseren karnuka. Amsarmu ita ce ba mu nemi a ɗauke soja ko ɗaya daga bakin aikinsa ba, ba mu kuma nemi a taɓa kuɗin tsaro ba. Amma saurayin da aka hana gona mai nisa, aka hana daji, aka hana hira bayan isha'i, yana nan zaune a bakin titi da ƙarfinsa, kuma masu sayar da ƙwaya sun san inda yake. Za a ce kuma taron masu karnuka taron 'yan daba ne, ƙarshensa faɗa da caca. Wannan tsoro yana da tushe, ba mu musa ba. Don haka ne muka ce ba gora, ba wuƙa, ba barandami a filin, ba haɗa karnuka faɗa ko da wasa, duk wanda aka kama yana karɓar kuɗin caca a kore shi da karensa har shekara. In masu unguwanni da shugabannin mafarauta ba su yarda za su tsaya a kan wannan ba, gara kada a fara. Mun dai ga yadda dambe, wanda shi ma aka daɗe ana yi wa kallon wasan 'yan iska, ya sami fili da alƙali da ƙa'ida har ana nuna shi a talabijin.

Namu aikin, mu ƙungiyar ɗalibai, shi ne mu fara taka ƙafa. Cikinmu akwai 'ya'yan mafarauta da jikokinsu, waɗanda ke ɓoye asalinsu don kada a yi musu dariya a ɗakin kwana. Su ne za su kai mu gaban iyayensu mu gaishe su, mu nemi izini. Masu karatun kimiyyar halittu su ɗauki awo da hoton karnukan, masu karatun Hausa su ɗauki kirari da sunayen karnuka da kalmomin farauta a bakin tsofaffi tun suna raye. 'Yan'uwanmu ma'aikata da ke sakatariyar ƙananan hukumomin nan uku sun san teburin da takardar neman fili ke kwana, sun kuma san yadda ake tashinta. A rubuta wa sashen koyon likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a roƙi ɗalibansu na ajin ƙarshe su zo su taya mu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. A yi allurar farko a ranar, kafin kaka, ta yadda in an kawar da amfanin gona, lokacin da a dā ake busa ƙaho, karnukan sun shirya. Muna roƙon majalisar ƙungiya ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, ta kuma naɗa mutum uku, ɗaya daga kowace ƙasa, waɗanda za su je su ga Sarakunan Dawa.